Dala Biyu a Tebur: Yadda Na Koyi Ajiye Kati da Tashi a Kan Lokaci

Daren da na fara gane ina da matsala, dala 22 kacal na yi asara. Na rufe kwamfuta wajen ƙarfe uku, idanuna na yaji, na ce wa kaina ai wannan ba abin tada hankali ba ne. Washegari na ba wani abokina labari, wanda ya girme ni kuma ya riga ni shiga wasan poka da shekaru. Ya tambaye ni a wane tebur nake zama. Na ce na senti 1 da senti 2, wanda babu na ƙasa da shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, bar ƙirga dala. Sau nawa ka sake zuba kuɗin zama?" Na lissafa, sau goma sha ɗaya. Ya ce, "To babban tilas 1,100 ka zubar a dare ɗaya. Wanda ya yi haka a teburin dala biyu, haka zai yi a teburin dala dubu biyu ranar da ya samu kuɗin."

Maganar ta tsaya mini a rai har mako guda.

Ga wanda bai san wasan ba, irin wanda nake yi shi ne Texas Hold'em na mutum shida. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kafin a raba, mutum biyu suna zuba kuɗin dole, ƙaramin tilas da babban tilas, kuma da wannan babban tilas ake auna komai. A teburina senti 2 ne, kuɗin zama kuwa ninki ɗarinsa, wato dala 2. Duk lokacin da layi ya zo kanka, ko ka ajiye katinka ka fita daga zagayen, ko ka bi kuɗin da aka zuba, ko ka ɗaga. Ba kuma zan yi wa kowa kwana-kwana ba: poka da kuɗi caca ce ko da senti ɗaya aka sa. Akwai ƙwarewa a cikinta sosai, amma gidan wasa yana yankar kamashonsa daga kuɗin tsakiya, don haka in aka haɗa aljihun 'yan wasa gaba ɗaya, kullum raguwa yake yi. Ba kiran kowa nake yi ya shigo ba. Abin da ya faru da ni nake bayarwa, don na san akwai masu zama a irin wannan tebur yanzu haka suna faɗa wa kansu abin da na riƙa faɗa wa kaina.

Ni labarin Chris Moneymaker ne ya ja ni, kamar yadda ya ja dubban mutane kafin ni. Akanta ne a jihar Tennessee ta Amurka, ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas a 2003, ya doke mutum 838 a babbar gasar duniya, ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Abin da labarin ba ya nuna maka shi ne sa'o'in da mutum yake yi yana zaune hannu rabbana, yana ajiye kati bayan kati. Wannan ɓangaren ne ya kayar da ni.

Abu na farko da abokina ya sa ni yi shi ne in sauke tarihin wasannina. Yawancin shafukan poka suna ajiye bayanin kowane zagaye, kuma akwai manhajoji irin su PokerTracker da ke tattara shi su fitar maka da lissafi. Na zauna da niyyar nuna masa yadda rashin sa'a ya addabe ni, don a raina na haddace duk ranar da na riƙe As biyu aka kayar da ni. Sai lissafin ya nuna wani abu dabam. Da manyan katuna riba nake ci, har da waɗancan ranakun da nake kuka da su. Ramin yana can ƙasa, a katunan da ko tuna su ba na yi: Sarki da 5, Jak da 7, 9 da 6 masu zane iri ɗaya, As da 3. Senti shida nan, senti goma sha huɗu can, dala guda in kati ya ɗan yi kama da zai yi kyau. A cikin kowane zagaye ɗari, 41 nake shiga da kuɗina, alhali masu cin riba a teburin mutum shida yawanci ba sa wuce ashirin da 'yan kai. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Na daɗe ina kallon lambar nan ta 41, ina tambayar kaina me ya sa. Na san katunan ba su da kyau, na karanta hakan tun makon farko. Amsar da na samu ita ce gajiya da jira. Kati 52 suna ba da haɗi 1,326 na kati biyu, waɗanda suke komawa iri 169, kuma mafi yawansu tarkace ne. As biyu sau ɗaya suke zuwa a zagaye 221. Kati biyu masu lamba ɗaya, ko wace lamba ce, sau ɗaya a 17. Tebur ɗaya a intanet yakan raba zagaye saba'in zuwa tamanin a awa, don haka kana iya yin awa uku cur ba ka ga As biyu ba, kuma babu wanda ya zalunce ka. In kuɗin da ke gabanka na haya ne, tsoro zai riƙe maka hannu. In senti 2 ne, babu abin da zai riƙe ka. Yatsa yana danna "bi" kafin ƙwaƙwalwa ta farka, zuciya kuma ta ce, "Nawa ne ma? Bari mu ga kati ukun nan." A ganina wannan ne babban tarkon ƙaramin tebur: kuɗin bai kai ya tsorata ka ba, don haka natsuwar da tsoro zai ba ka kyauta, dole kai ka gina ta da hannunka.

Na canja saitin teburin ya daina nuna mini dala da senti, ya koma nuna babban tilas. Maimakon in ga 0.14, sai in ga 7. Ƙaramin abu ne, amma bakwai ta fi cika ido.

Daga nan na ɗauko takarda na rubuta katunan da zan buɗe wasa da su a kowace kujera, na manna ta a gefen allon kwamfuta. Kujera tana da muhimmanci saboda wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi. A kujerar farko, inda mutum biyar ke jira a bayana, jerin gajere ne ƙwarai, bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. A kujerar mai rabo, wadda ke magana ƙarshe bayan an buɗe katunan tsakiya, ya faɗaɗa zuwa sama da kashi 40. Dokar da na kafa wa kaina ɗaya ce: abin da ba ya kan takarda, a ajiye shi, babu shawara, babu "yau kaɗai".

Makonni biyun farko sun yi mini wuya fiye da yadda zan iya kwatantawa. Ina tuna wani zagaye ɗaya sarai. Ina kujera ta biyu, aka ba ni 9 da 6 masu zanen zuciya. Hannuna har ya kai kan maɓallin bi, na kalli takarda, ba sa ciki, na ajiye. Aka buɗe uku na tsakiya: 9, 9, 6. Mutum biyu suka tura duk abin da ke gabansu, ɗaya da Sarki biyu, ɗaya da As da 9, kuma da ina ciki da ni na fi su damar kwashewa. Na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na cire takardar daga jikin allo, na riƙe ta a hannu kamar zan yaga. Abin da ya hana ni shi ne lissafin da na gani da idona kwanaki kaɗan kafin nan: na buga irin wannan kati ɗaruruwan lokuta, kuma jimillarsa asara ce, har da ranakun da ya ci. Ajiyewar daidai ce a lokacin da na yi ta, da abin da na sani a lokacin. Katin da ya fito bayanta bai canja wannan ba. Na mayar da takardar, hannuna na rawa kaɗan, na ajiye zagaye tara na gaba a jere. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai ajiye kati ya haifar da wata sabuwar matsala. Yanzu kusan kashi huɗu cikin biyar na lokacina ba na cikin wasa, kuma wannan sararin sai da na cika shi da wani abu. Na cika shi da waya, da bidiyo a wani shafi, da buɗe tebur huɗu don kada in zauna shiru. Wata rana matata ta tsaya a bayana tana magana, na amsa "to" sau uku ban san me ta ce ba, a lokaci guda kuma na bi kuɗi a wani tebur ban lura cewa kati huɗu masu zane iri ɗaya sun riga sun fito a tsakiya ba. Ta ce, "Maigida, kai ba ka tare da ni, kuma da alama can ma ba ka tare da su." Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini zafi don ita ce aka fi zalunta a cikin lamarin.

Na koma tebur ɗaya. Na sa waya a wani ɗaki. Na tsayar da lokacin zama, minti hamsin, da agogo mai ƙararrawa, kuma sai bayan na gama duk abin da gida ke bukata daga gare ni. Aikin da na ba kaina a lokacin jira shi ne kallon mutane. Duk zagayen da na ajiye, zan bi shi har ƙarshe, in yi hasashen abin da kowa ya riƙe, in aka buɗe kati in rubuta layi ɗaya a kan mai shi. "Yana bi da kowane As." "Ba ya ɗagawa sai da babban kati." "In ya yi jinkiri sannan ya zuba kaɗan, ba shi da komai." A nan ne wasan ya buɗe mini kamar an ɗaga labule. Mutanen da nake ɗauka sunaye ne kawai a allo, ashe kowa da halinsa, kuma ba sa ɓoye shi, don a zatonsu babu mai kallo. Yawancin masu zama a ƙaramin tebur suna son bi, ba sa son ajiyewa, kuma ba kasafai suke burga da kuɗi mai yawa ba. Wannan ya nuna mini abu biyu da suka saɓa wa son raina: in daina yi musu burga tunda ba za su ajiye ba, in kuma yarda da su idan suka ɗaga.

Na biyun ya fi wuya. Ga zagayen da na fi tunawa a duk wannan tafiya. Ina kujerar mai rabo da As da Sarauniya, na ɗaga zuwa senti 6, mai babban tilas ya bi. Aka buɗe Sarauniya, 8, 3. Na zuba 8, ya bi. Aka buɗe 2, na zuba 20, ya bi. Kati na ƙarshe Jak. Ya wuce bai zuba komai ba, na zuba 35 a kan 69 da ke tsakiya, sai kawai ya tura duk kuɗinsa. Ana neman in ƙara dala 1 da senti 31 don in ci dala 2 da senti 70. A da, ko daƙiƙa ɗaya ba zan yi ba, ina da Sarauniya biyu da As a gefe, kuma dala ɗaya ce. Wannan karon na ɗauke hannuna daga kan linzamin kwamfuta na ɗora a cinya, na yi lissafin da ƙarfi kamar mai karanta wa wani. In na bi, sai in ci sau ɗaya cikin uku kafin in fita ba riba ba asara. Na buɗe abin da na rubuta a kansa. Mun yi zama uku tare, sau biyu kaɗai na ga ya ɗaga a katin ƙarshe, kuma duka biyun da kati mai ƙarfi ƙwarai. Shin mutum irin wannan zai yi burga sau ɗaya cikin uku a nan? Agogon tebur yana ta raguwa. Na ajiye.

Bai nuna katinsa ba. Har yau ban san me ya riƙe ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na gano cewa yawancin bin da nake yi a katin ƙarshe kuɗin kallo ne, ina biyan babban tilas sittin don kawai zuciyata ta huta da tambaya. Koyon zama da rashin sani ya ɗauke ni watanni, kuma har yanzu yana ɗan sukata.

Lissafin bakin nan ya zama mini al'ada. Idan ina da kati huɗu masu zane ɗaya ina jiran na biyar, kati tara ne za su cece ni. Idan saura kati ɗaya a buɗe, tara cikin 46 ke nan, ƙasa kaɗan da kashi 20. Wanda ya zuba daidai da abin da ke tsakiya yana bukatar in ci kashi 33, don haka in babu alamar zan samu ƙari mai yawa daga baya, sai in ajiye. Wanda ya zuba kwata kawai, kashi 17 ya isa, sai in bi. Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare zai yi shi. Amfaninsa a wurina shi ne daƙiƙa biyar ɗin da yake tilasta mini in tsaya.

Duk wannan yana aiki muddin raina a kwance yake. Ranar da rai ya ɓaci, takarda da lissafi duk suna tashi a banza. 'Yan poka suna kiran wannan hali tilt, kalmar da aka aro daga injin wasan finbol, wanda yake kulle kansa in mai wasa ya fusata ya girgiza shi. Ni dai abin da na sani shi ne zuciya ce take ɗibar mutum. Nawa yakan fara ne da mugun kaye. Ina da As biyu, wani yana da Sarki biyu, muka tura duka tun kafin a buɗe komai, Sarki ya faɗo a katin ƙarshe. As biyu suna cin Sarki biyu kusan sau 82 cikin ɗari, wanda ke nufin suna faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar da rabi. In ka shiga irin wannan karo sau uku, damar ka ci duka ukun ba ta wuce kashi 55 ba. Na san wannan a kai, amma a ƙirji ji nake an yi mini ƙwace, kuma wanda aka yi wa ƙwace yana ganin yana da haƙƙin ramawa.

Na fara lura da jikina, don shi yake fara sani. Kunnuwana suna ɗaukar zafi. Ina matsowa gaban kujera. Ina danna linzami da ƙarfi. Ina fara kallon mutum ɗaya a tebur, wanda ya kayar da ni, ina shiga duk zagayen da ya shiga. Sai kuma wata jimla da take zuwa kullum da kalmomi iri ɗaya: "Bari in dawo da kuɗina kawai in tashi." Daga baya na karanta cewa tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, kuma mutumin da yake cikin asara yakan yarda da kasadar da ba zai taɓa yarda da ita ba in yana kan riba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ganin cewa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a kundinta na 2013, ta lissafa komawa don ramuwar asara a cikin alamomi tara na cutar caca. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Daren dala 22 ɗin nan ba komai ba ne illa ramuwa, sau goma a jere, kuma ƙanƙantar kuɗin ba ta canja sunan halin ba.

Na kafa doka: in na rasa kuɗin zama uku, wato dala 6, na tashi, ko da minti goma na yi. Na karya ta a mako na biyu. Na sake karya ta a na uku. Dalilin a bayyane yake, mutumin da ya rubuta dokar da rana ba shi ne yake zaune a tebur bayan kaye na uku ba, kuma na biyun yana da hujjoji masu daɗin ji: teburin yana da sauƙi yau, wancan mutumin rabon kuɗi yake yi, wauta ce a tashi yanzu. Wani lokacin ma hujjar gaskiya ce. Sai na daina dogara da alƙawari, na nemi abin da zai ɗaure ni. Shafukan da ke da lasisi yawanci suna da wurin da za ka sa wa kanka iyakar kuɗin da za ka iya zubawa, kuma rage iyakar yana aiki nan take, ƙara ta kuwa sai an jira. Na sa iyaka ta wata-wata, na kashe saitin da ke cika mini kuɗin tebur da kansa, don duk sake zubawa ya zama abin da na yi da hannuna ina sane. Na kuma faɗa wa matata dokar da adadin jarin gaba ɗaya, dala 60, kuɗin zama talatin, waɗanda in sun ƙare sun ƙare. Faɗar ta yi mini nauyi a baki, amma tun daga ranar ban sake karya dokar a ɓoye ba. Sau ɗaya na karya ta, na faɗa mata da safe, na rufe asusun na mako guda ta hanyar hutun dole da shafin yake bayarwa.

Akwai wani nau'in ɗibar zuciya da ban san da shi ba sai da na fara ci. In na tara kuɗin zama uku a gabana, sai in ji kuɗin ba nawa ba ne, in fara sakin hannu, Jak da 7 su dawo. Wannan ya fi wuyar kamawa don yana zuwa da murmushi. Maganinsa dai takardar nan ce da ƙararrawar agogo.

Bayan wata biyu ina bin tsari, na duba lissafi na ga har yanzu ƙasa nake da kaɗan. Na kira abokina raina a jagule, na ce, "Yaya, na yi duk abin da ka ce, ga shi babu komai." Ya tambayi zagaye nawa na buga. Na ce wajen dubu goma. Ya sa ni na ɗauko biro muka yi lissafi tare. A wannan wasa, abin da mutum yake samu a zagaye ɗari yakan yi lilo sama ko ƙasa da babban tilas tamanin zuwa ɗari, ko da wasansa bai canja ba. Ɗan wasa mai kyau da ke cin biyar a kowane ɗari, a zagaye dubu goma ana sa ran ya ci 500, amma lilon ya kai kusan 900. Ma'ana, kusan sau uku cikin goma zai kammala dubu goman yana cikin asara, ba tare da ya yi wani kuskure na musamman ba. Ya tuna mini cewa a Janairun 2017, lokacin da masanan Jami'ar Carnegie Mellon suka gwada manhajarsu Libratus da ƙwararru huɗu a Pittsburgh, sai da aka yi kwana 20 ana buga zagaye 120,000, don a tabbatar ba sa'a ce ta yi magana ba. Ni kuwa ina so in yanke wa kaina hukunci da dare ɗaya. Ga kuma kamasho, wanda a ƙananan tebura yakan kai wajen kashi 5 na kuɗin tsakiya, kuma da wuya kuɗin ya kai iyakar da ake daina yanka, don haka ya fi cizon ƙaramin ɗan wasa fiye da babba.

Tun daga ranar na rufe wurin da ke nuna mini ragowar kuɗi yayin wasa, na koma duba shi ranar Lahadi kawai. Na sayi ƙaramin littafi, bayan kowane zama nake rubuta amsar tambayoyi uku: na buga wani kati da ba ya kan takarda? Na taɓa waya? Na tashi da ƙararrawa? Sai in zaɓi zagaye biyu da suka ba ni wahala in duba su washegari da safe, lokacin da raina ya huce. Akwai zaman da na ci dala huɗu na rubuta masa "mummuna", akwai wanda na rasa biyar na rubuta "mai kyau". Da farko hakan ya yi mini kamar yaudarar kai. Da tafiya ta yi nisa na ga cewa waɗannan amsoshi uku ne kaɗai abin da ke hannuna a kowane dare.

A wata na bakwai jarin ya kai dala 150, kuɗin zama talatin na tebur na gaba, na senti 2 da senti 5. Kafin in hau na rubuta a littafin cewa in na rasa kuɗin zama biyar, zan sauko. Cikin kwana tara na rasa su. Na duba zagayen ɗaya bayan ɗaya, uku kaye ne da babu yadda zan yi, biyu kuwa laifina ne, na bi kuɗi a katin ƙarshe don kada a ga kamar sabon zuwa yana jin tsoro. Na sauko. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba, komawa teburin dala biyu bayan na ɗanɗana na gaba ya fi duk wani kaye zafi, kuma kwana biyu ban buɗe kwamfutar ba sam.

A dare na uku na zauna. Wajen minti arba'in wani ya shigo teburin yana tura duk kuɗinsa kusan kowane zagaye, da 10 da 4, da Sarauniya da 2, yana ci yana faɗuwa yana sake zubawa. Irin mutumin da ake jira mako guda ba a samu ba, kuma yana zaune a damana, inda zan ga abin da ya yi kafin in yi magana. Ina ƙasa da dala 1 da senti 40. Na ajiye 8 da 3, na ajiye Jak da 5, na ajiye Sarki da 4 duk da na san wataƙila ya fi nasa. Ƙararrawa ta kaɗa. Na kalli allon, mutumin ya tara dala bakwai a gabansa, zuciyata ta fara kawo hujjojinta da muryar da na sani. Na danna fita daga tebur, na jawo littafin, na rubuta a'a, a'a, e. Matata ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Maigida, ka gama?" Na ce na gama, na kashe fitilar teburin na bi bayanta.